Ranar da mota marar direba ta taka mutum, wa za a kama?

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan babbar mota tsakanin Ngaundare da Kusiri, sai da ciwon baya ya zaunar da shi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a zaurensa a Garwa, na miƙa masa wayata na ce, "Kawu, ku duba wannan." Bidiyon tasi ne na kamfanin Waymo a birnin Finiks na Amurka. Fasinja yana kujerar baya, kujerar direba wayam, sitiyari na juya kansa, motar ta tsaya wa mai tsallaka titi sannan ta ci gaba. Ya kalla har sau biyu. Na zaci zai tambaye ni da me take gani, ko nawa kuɗinta. Sai ya miƙo mini wayar ya ce, "To ɗana, ranar da ta taka ɗan mutane, wa zai je gaisuwa?"

Tambayar nan ta Kawu ita ce lauyoyi da 'yan majalisa na ƙasashen da suka ƙera motocin suke ta juyawa fiye da shekara goma, kuma har yau ba su gama da ita ba.

Duk wanda ya taɓa ganin hatsari a hanyar Garwa zuwa Marwa ya san yadda abin yake tafiya. Mota ta kaɗe yaro a bakin kasuwar ƙauye. Direba, in yana da ƙafar gudu, ya nufi birgad, wato ofishin jandarmomi, ya miƙa kansa, domin tsayawa cikin taron da ransa ya ɓaci kasada ce. Jandarmomi su zo da igiyar awo, su auna tsawon zanen da taya ta bari a kwalta, su zana inda mota ta tsaya da inda takalmin yaron ya faɗi, su karɓi lasin direba da takardar mallakar mota da ta inshora, wadda a nan muka fi kira asirans. Wannan shi ne konsta. Kafin a yi sadakar uku, mai mota ya tura dattawa da buhun hatsi da goro, a zauna a kan tabarma, a ba da haƙuri. Daga nan ko a yafe, ko a yi maganar diyya, musamman a ɓangaren Chadi inda al'adar ta yi ƙarfi, ko a bar wa kotu da kamfanin inshora. A kowane mataki akwai mutum mai suna, mai unguwa, wanda za a kalli idonsa. A kan wannan mutumin aka gina dokar hanya gaba ɗayanta.

Haka abin yake a duniya. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta Janiba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 duk sun ce dole abin hawa mai tafiya ya kasance da direba, kuma direban ya zama yana iko da shi a kowane lokaci. Sai a 2016 aka gyara ta Biyana ta karɓi na'urorin da ke taya direba, a 2022 kuma aka ƙara sashen da ya ba ƙasa damar ɗaukar na'urar tuƙi a madadin direba idan ta cika sharuɗɗan ƙasar. Dokar hanya ta ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya wadda Kamaru da Chadi ke ciki, an rubuta ta a lokacin da babu wanda ke tunanin mota za ta tafi ba hannu a sitiyari.

Kafin a shiga shari'a sai an rarrabe motocin, don sunan "mota mai tuƙa kanta" ya rufe abubuwa mabambanta. Injiniyoyi sun kasa su mataki shida, daga 0 zuwa 5. A mataki na 2 mota tana riƙe layinta, tana rage gudu idan ta gaba ta rage, amma direba ne ke tuƙi kuma komai a wuyansa yake. Na'urar Autopilot ta Tesla a nan take, duk da sunanta. A mataki na 4 babu buƙatar direba, sai dai cikin yankin da aka shata aka zana taswirarsa tsaf, kamar tasin Waymo ko na Baidu a birnin Wuhan na Sin. Mataki na 5, motar da za ta je ko'ina a kowane yanayi, babu shi a kasuwa. Rigimar tana mataki na 3: na'ura ce ke tuƙi, an yarda ka ɗauke idonka daga hanya, amma in ta yi ƙara ta kira ka dole ka karɓa cikin kamar sakan goma. Jamus ta ba Mercedes izinin irin wannan a ƙarshen 2021, da farko a gudun da bai wuce kilomita 60 ba. Ka ɗauka mutum yana karanta saƙo a waya, na'ura ta kira shi, a sakan na huɗu aka yi karo. Wa ke tuƙi a wannan sakan ɗin?

Abin da ya faru a garin Tempe na jihar Arizona a daren 18 ga Maris 2018 ya kamata kowane direba ya san shi. Motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata mai shekara 49 tana tura kekenta za ta tsallaka titi, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar ta hango matar kusan sakan shida kafin karon, amma ta yi ta sauya mata suna: yanzu mota, yanzu keke, yanzu wani abu daban, kuma duk sauyi sai ta sake lissafi daga farko. Ba a koya mata cewa mutum na iya tsallaka titi a inda ba a zana masa wurin tsallakawa ba. Kamfanin kuma ya kashe birkin gaggawa da motar ta zo da shi daga masana'anta. A kujerar direba akwai ma'aikaciya da aka ɗauka ta sa ido, ita kuwa hankalinta yana kan wayarta. A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce babu laifin da za a tuhumi kamfanin da shi. Ma'aikaciyar aka gurfanar, a 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa ido. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ba na wanke ta, ta yi sakaci kuma rai ya salwanta. Amma waɗanda suka yanke shawarar kashe birki, da waɗanda suka saki na'urar da ba ta san mai tsallaka titi ba, babu wanda ya tsaya gaban alƙali a cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Wannan shi ne abin da nake ji wa direbobinmu tsoro, domin a wurinmu ma talakan da ke kujerar gaba shi ya fi sauƙin kamu.

Wasu ƙasashe sun ga wannan ramin sun nemi cike shi. Faransa a 2021 ta ce idan na'urar tuƙi tana aiki bisa ƙa'idarta, laifin kisa ko rauni ba da gangan ba yana komawa kan maƙerin motar, sai in direba ya ƙi karɓar tuƙi bayan an kira shi, ko ya ƙi bin umarnin jami'an tsaro. Ingila tun 2018 ta ce kamfanin inshora ya fara biyan wanda aka cuta, daga baya shi ya bi maƙeri ya karɓi kuɗinsa. A dokarta ta 2024 ta ƙara da cewa kowace mota mai tuƙa kanta dole a sami kamfani takamaimai da ya yi rajista a matsayin mai ɗaukar alhakin tuƙinta. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta sabunta dokar kayan da suka fito da aibi, ta sa manhajar kwamfuta cikin kayan da ake iya ƙarar maƙerinsu. Duk hanyarsu ɗaya: a ɗauke nauyi daga kan mutumin da ke zaune a ɗora wa wanda ya ƙera ƙwaƙwalwar motar.

Mu fa, me muke da shi a hannu? Muna da fiye da yadda ake zato.

Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan wannan mas'ala, ko da bai lura ba. A can aka ce mai korar dabba da mai janta da mahayinta su ke lamunin abin da ta taka, abin da ta yi kuwa ba da aikinsu ba, ko tana tsaye babu wanda ya taɓa ta, ba a bin kowa. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin za su biya. Malamai sun daɗe da sanin akwai abin da ke tafiya da kansa, ba shi da hankalin da za a tuhume shi, amma yana ɓarna. Abin da suka duba shi ne wanda akala ke hannunsa, da wanda tsaro ya wajaba a kansa a wannan lokacin. A motar zamani akalar tana hannun kamfanin da zai iya aiko mata da sabuwar manhaja ta intanet cikin dare, gari ya waye ta sauya yadda take taka birki, mai ita bai sani ba. Wanda ke iya sauya halin abu daga nesa bai saki akala ba, ko da ya sayar da shi. A ganina ta nan ya kamata malaman fiƙihu su ɓullo wa mas'alar, don kada wata rana a ce wa iyayen mamaci ai na'ura ce, kamar dabbar da ta ƙwace, jinin ɗansu ya tafi a banza.

Dokar boko da muka gada daga Faransa ita ma tana da ƙofa. Sashe na 1384 na kundin dokar farar hula, wanda kotunan Garwa da na Injamena ke aiki da shi, ya ce mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar abin da ke ƙarƙashin tsaronsa, ba sai an tabbatar ya yi kuskure ba. Sashe na 1385 ya faɗi haka a kan dabbobi. Kotun ƙolin Faransa a 1941, a shari'ar wata mota da aka sace aka kaɗe ma'aikacin gidan waya da ita, ta fassara tsaro da abu uku: amfani da abin, sarrafa shi, da iko a kansa. A 1956 kuma, a shari'ar tulunan iskar gas da suka fashe ana cikin jigilarsu, aka buɗe hanyar bambanta mai tsaron yadda ake amfani da abu da mai tsaron abin da ke cikin ƙirarsa. Alƙali mai zurfin tunani zai iya ɗaukar wannan ya ce mai mota yana amfani da ita, amma sarrafawa da iko suna wurin maƙeri.

Sai kundin inshora na CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wanda ƙasashe goma sha huɗu suka haɗu a kai bayan yarjejeniyar Yawunde ta 1992, Kamaru da Chadi na ciki. Sashe na 200 ya wajabta inshora a kan abin hawa mai inji. Sashe na 228 ya ce wanda aka raunata, in ba direba ba ne, za a biya shi ko da yana da nasa kuskuren, sai in shi ya nemi cutar da gangan. Wannan yana da kyau ƙwarai, domin mai tafiya a ƙasa ba ya buƙatar ya tabbatar ko mutum ne ya kaɗe shi ko manhaja; mota ce ta kaɗe shi, inshorarta ta biya. Amma sashe na 227 ya ce kuskuren direba yana rage masa diyya ko ya hana shi gaba ɗaya. To mutumin da ke zaune bayan sitiyari na'ura tana tuƙi, ta kai shi rami ya karye, direba ne ko fasinja? A kan kalma ɗaya nan iyali za su iya samun abin jinya ko su rasa. Kuma duk wannan yana aiki ne idan akwai inshorar. Kowa ya san motoci da babura nawa ke yawo ba ta, ya kuma san yadda fayil ke kwana a ofis har mai haƙƙi ya gaji ya bar wa Allah.

Inda ƙofar ta fi ƙunci shi ne ɓangaren hukunci. Sashe na 289 na dokar laifuka ta Kamaru yana hukunta wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta hanyar sakaci, ganganci, rashin ƙwarewa ko karya ƙa'ida, da ɗaurin wata uku zuwa shekara biyar, ko tara, ko duka biyun. Manhaja ba ta zuwa gidan yari. Tun gyaran 2016 ana iya tuhumar kamfani da laifi a Kamaru, amma ka tuhumi kamfanin da ba shi da ofis a Duwala, ba shi da ko kujera ɗaya a ƙasar, sammaci ma wa za a miƙa wa?

A nan ne lamarinmu ya rabu da na Turawa, kuma nan ne ya fi damuna. Motocinmu ba daga masana'anta suke zuwa ba. Sai sun yi shekara goma ko sha biyar a Beljiyam ko Dubai ko Amurka, sannan su sauka a Duwala ko Kwatano. Motar da Jamus ta yarda ta tuƙa kanta, ta yarda ne a kan babbar hanyarta mai layi fari tas, mai shinge, wadda ba mai tafiya a ƙasa. Ka kawo ta tsakanin Mora da Dabanga, inda kwalta ke ɓacewa ta dawo, inda direbobi ke barin hannunsu su bi na wani don kauce wa rami, inda garken shanu ke cika hanya, ga ƙurar hunturu ta rufe ido. Shingen bincike a wurinmu wani lokaci igiya ce da tsumma a jiki, ko katako mai ƙusoshi, ko jandarma ya ɗaga hannu kawai. Direba ya san bambancin hannun da ke cewa tsaya da wanda ke cewa wuce, ya kuma san akwai wuraren da tsayawa ita ce haɗarin. Ranar da aka yi hatsari, amsar maƙeri a shirye take: ba don wannan hanyar muka yi ta ba, ba mu muka kawo ta ba, garantinta ya ƙare, kuma wani bakanike ya taɓa ta. Dokar da ta ɗauke laifi daga direba ta kai wa maƙeri tana da amfani inda hannun alƙali ke kaiwa ga maƙerin. In muka kwafo ta yadda take, mun sallami wanda ke kusa, mun nuna wa mai haƙƙi wanda ba zai taɓa cim masa ba.

Ga kuma maganar shaida. Igiyar awon jandarma ba za ta nuna ko na'ura ce ke tuƙi ba, ko ta kira direba, ko a wane sakan ta hango yaron. Wannan duk yana cikin ma'ajiyar motar, wani kuma yana rumbun kamfanin a wata nahiya. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta motocin mataki na 3 ta wajabta na'urar da ke rubuta lokacin da tuƙi ya koma hannun na'ura da lokacin da ya dawo hannun mutum, amma rubutawa daban, samun karantawa daban. A San Faransisko, ranar 2 ga Oktoba 2023, wata mota mai direba ta bugi wata mata ta jefa ta gaban tasin kamfanin Cruise marar direba. Tasin ya taka ta, sannan ya ja ta kusan mita shida yana neman gefen hanya ya tsaya. Hukumar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, tana zarginsa da rashin bayyana mata wannan jan tun farko. In hukuma mai ƙarfi irin wannan sai da ta yi da gaske kafin ta ga cikakken hoto, mai gabatar da ƙara a Gidar ko Mundu da me zai tilasta? Wanda ake tuhuma shi ke riƙe da shaidar da za a kama shi da ita.

Iyaka ma wata matsala ce. Motar da ta tashi daga Ngaundare ta haye gadar Ngeli ta shiga Injamena, katin inshora na CEMAC yana bin ta. Idan Kamaru ta yarda da motar kaya marar direba Chadi ba ta yarda ba, sai ta tsaya a Kusiri a nemo mata mutum. Kuma wa zai sa hannu a takardun duwan, wato kwastan, wa zai amsa idan an buɗe kwantena an tarar da abin da ba a rubuta ba? Direba da yaron motarsa, ban da tuƙi, su ne masu riƙon amanar kaya a idon doka da idon ɗan kasuwa.

Wannan tambayar ba ta tsaya kan mota ba, ta kai har ga jiragen ruwa marasa matuƙi. Mai karatu a Abeshe ko Marwa zai iya cewa jirgin ruwa kuma ina ruwansa, mu da ba mu da teku. Amma mafi yawan kayan da ke shigowa Chadi daga ƙetare ta Duwala da Kiribi suke biyowa, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800 kafin su isa Injamena. Shinkafar da ke kasuwa, da babur, da taki, duk sun kwana a teku. Audugar da ake nomawa a nan ma ta can take fita.

Jiragen da ke tuƙa kansu sun fara fitowa. A Nowe akwai Yara Birkeland, mai tsawon mita 80, mai aiki da lantarki, yana ɗaukar kwantena 120 na taki a gajeriyar tafiya. Ya fara aiki a 2022 da ma'aikata a cikinsa, da niyyar a janye su a hankali. Wani ƙaramin jirgin bincike mai suna Mayflower ya tashi daga Ingila ba kowa a ciki. A 2021 ya lalace ya koma, a 2022 ya sake samun matsala aka karkatar da shi tsibiran Azores, daga bisani ya sauka a Halifas ta Kanada. Ƙwaƙwalwarsa ta yi aiki, ƙarfe da waya ne suka ba da matsala, kuma babu mai riƙe sifana a tsakiyar teku.

Dokokin teku kuwa sun fi na hanya dogara da mutum. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982, a sashe na 94, ta ɗora wa ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ta tabbatar yana hannun kyaftin da jami'ai ƙwararru. Ƙa'idojin kauce wa karo na 1972 sun ce kowane jirgi ya kasance yana tsaro da gani da ji a kowane lokaci. Kyamara gani ce? Makirfo ji ne? Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, mai mazauni a Landan, ta kammala tantance dokokinta a 2021, ta kasa jiragen gida huɗu, daga mai ma'aikata da na'ura ke taimaka musu zuwa wanda ke yanke shawara shi kaɗai, ta kuma zaɓi ta fara da ƙa'idar da ba ta tilas ba kafin ta tilas. An tsaya a kan cewa dole a sami kyaftin ɗan Adam, ko da ba ya cikin jirgin. To ga jirgi mai tutar wata ƙasa, mai shi yana ƙasa ta biyu, kyaftin yana zaune gaban allo a ƙasa ta uku, ya kife kwale-kwalen masunta a kusa da Kiribi. Jami'an Kamaru za su iya tsare jirgin, amma babu mutum a ciki da za a yi wa tambaya.

Sashe na 98 na yarjejeniyar dokar teku ta 1982 shi ya fi taɓa ni. Ya wajabta wa kyaftin ya ceci duk wanda ya tarar cikin haɗari a teku. Yaranmu nawa suka bi ta Agadas ko ta Faya suka shiga Libiya, suka hau robar da ba ta kai su ba? Da yawa daga waɗanda suka tsira, jiragen 'yan kasuwa ne suka tsamo su: wani ya jefa igiya, wani ya sauke tsani, wani ya ba da ruwa da bargo. Jirgin da ba kowa a ciki zai iya hango su ya sanar, ya ma tsaya kusa da su. Amma ba shi da hannun da zai miƙa wa wanda ƙarfinsa ya ƙare. Idan aka sassauta wannan wajibi don a sauƙaƙa wa masu jirage, waɗanda za su biya da rayukansu mun san daga ina suke fitowa.

Akwai wani abin da ya shafi Kamaru kai tsaye. Nauyin sa ido a kan jirgi yana kan ƙasar tuta, ita kuwa tutar Kamaru ta daɗe a baƙin jerin hukumomin binciken jirage na Turai, kuma a Janairun 2023 Tarayyar Turai ta ba ƙasar jan kati saboda yi wa jiragen kamun kifi rajista ba tare da bin diddigin abin da suke yi ba. Masu neman inda doka ta yi sako-sako su suka fi kowa saurin ganowa. Ba na son ranar da za a ji jirgi marar matuƙi ya yi ɓarna a wani teku mai nisa, a duba a ga tutarmu ce a kai, alhali babu wani a Duwala da ya taɓa duba manhajarsa.

Ɗan kasuwar da ya yi odar kwantena daga Sin shi ma yana ciki. Doka ta ɗora wa mai jirgi ya tabbatar jirginsa ya cancanci shiga teku. Jirgin da ba a sabunta manhajarsa ba har ɓarayin intanet suka shige ta, ya cancanta? A 2017 wata cutar kwamfuta ta durƙusar da ayyukan kamfanin Maersk, asarar ta kai kusan dala miliyan 300, kuma wannan a ofisoshi da tashoshi ne, ba a sitiyarin jirgi ba. Ma'anar fashin teku a doka ma tana maganar jirgi ya kai wa jirgi hari. Wanda ya karkatar da jirgi daga ɗakinsa bai shiga wannan ma'anar kai tsaye ba, kuma wa zai biya kayan ya danganta da sunan da aka ba abin da ya faru.

Tun ran gini tun ran zane. Abin da nake ganin ya kamata CEMAC da CIMA su yi ba shi da tsada, kuma ba sai sun jira Turai ta gama nata ba. Kada a ba motar da ke iya tuƙa kanta takardar rajista sai akwai kamfani mai ofis da dukiya a yankin nan da ya sa hannu cewa shi zai amsa. In babu, a kashe na'urar tun a tashar jirgi. Bayanan da mota ta adana su zama haƙƙin alƙali da wanda aka cuta, kuma kamfanin da ya ƙi bayarwa a ɗauka shaidar ba ta goyon bayansa. Mutumin da ke kujerar gaba lokacin da na'ura ke tuƙi a lissafa shi fasinja wajen diyya. Inshora ta fara biya, rigimarta da maƙeri ta biyo baya, kada a sa marayu jiran shari'ar da za a yi a wata nahiya.

Shari'ar farko ma ba daga tasi marar direba za ta zo mana ba. Motoci masu taka birki da kansu da masu riƙe layi sun riga sun shigo, suna yawo a Garwa da Injamena. Idonsu yana maƙale a bayan gilashin gaba da cikin bamba. Gilashi ya fashe a sa wani, bamba ta lotse a buga ta a miƙe a fesa fenti, babu wanda ya sake saita na'urar, don garejin ba shi da kayan yin haka, mai motar ma bai san ana yi ba. Wata rana irin wannan motar za ta ga inuwar gada ta ɗauka bango ne, ta ƙame a tsakiyar hanya, ɗan acaɓa da fasinjarsa su shige ƙarƙashinta. Direba zai rantse ƙafarsa ba ta taɓa birki ba, kuma gaskiya ya faɗa. Takardar konsta da jandarma zai cike a ranar tana da gurbin sunan direba, da lambar lasinsa, da tsawon zanen taya, amma ba ta da gurbin da za a rubuta wanda ya taka birkin.